Ribar Shekara Goma da Kuɗin Yau

Idan ka tambayi dillalin hannun jari ko kamfani kaza yana da araha, lamba ɗaya zai fara jefo maka: sau nawa farashin hannun jarin ya ninka ribar bara. A ce ana sayar da hannun jari ɗaya naira 40, ribar da ta faɗo wa kowane ɗaya bara kuma naira 5 ce, ninki takwas ke nan. Takwas araha, talatin tsada, haka ake karanta ta a gurguje. Lissafin kansa ba shi da aibu. Inda gizo ke saƙar shi ne an ɗora hukuncin gaba ɗaya a kan shekara ɗaya tak.

Babu manomin da zai sayi gona saboda amfanin damina ɗaya. Sai ya tambayi maƙwabta abin da ta bayar shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, da shekarar da ya yi yawa, da shekarar da taki ya gagara saye. Amma mutumin nan da ya iya wannan tambayar a kan gona, da ya zo kan kamfani sai ya wadatu da rahoton bara.

Na shiga wannan kasuwa ne a zamanin haɗe bankuna. A 2004 Babban Bankin Najeriya, lokacin Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Neman wannan jari ne ya fito da su kasuwa suna tallar hannun jari. Malaman makaranta, ma'aikatan sakatariya, 'yan kasuwar Kantin Kwari, kowa ya cika fom. Kowace shekara riba tana ƙaruwa, farashi yana tashin gwauron zabo, idan ka yi ƙorafin tsada sai a nuna maka ribar bara a ce ai ta baɗi za ta fi. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000. Shekara ɗaya bayan haka yana kusa da 20,000, kimanin kashi 70 cikin ɗari ya zube.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan lokaci ba faɗuwar farashin ba ce, gano asalin ribar da muke ninkawa ne. Bankuna da dama suna ba mutane bashi su sayi hannun jari, sayen yana ɗaga farashi, su kuma suna rubuta ruwan bashin a matsayin riba. Wato zazzaɓin kasuwar ne ya haifi wani sashe na ribar, sannan aka dawo ana kafa hujja da ribar cewa babu zazzaɓi. Da Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo a Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009, aka buɗe littattafai, sai ribar shekaru ta narke cikin asarar shekara guda. Na san mutanen da kuɗin sallamarsu daga aiki ya tafi a nan, har yau ba sa son jin zancen hannun jari, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan wannan ne na ci karo da wata tsohuwar shawara. A 1934, Amurka tana tsakiyar babbar karayar tattalin arzikinta, wasu malaman Jami'ar Columbia biyu, Benjamin Graham da David Dodd, suka fitar da littafi a kan tantance darajar hannun jari. Ra'ayinsu shi ne kada a auna kamfani da ribar shekara ɗaya, a ɗauki matsakaicin shekaru biyar zuwa goma, domin a haɗa shekarun wadata da na ƙunci a awo ɗaya. A 1988 Robert Shiller na Jami'ar Yale da John Campbell suka gwada wannan tunani a kan kasuwar Amurka gaba ɗaya. Ma'aunin da ya fito daga aikinsu, wanda ake kira CAPE ko ma'aunin Shiller, ya ƙara sharaɗi ɗaya: kafin a ɗauki matsakaicin ribar shekaru goma, sai an mayar da ta kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau. Daga nan a raba farashin yau da wannan matsakaici.

Shiller ya tattara alƙaluman Amurka tun daga 1871. Matsakaicin ma'aunin a tsawon tarihi yana wajen 16 zuwa 17. Gab da rushewar 1929 ya haura 30. A 1982, lokacin da kowa ya yanke ƙauna daga kasuwa, ya sauka wajen 7, kuma daga nan ne aka shiga ɗaya daga cikin mafi albarkar zamunnanta. A Disambar 1999 ya kai 44.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne na 2009. A ƙarshen 2008 manyan kamfanonin Amurka sun tafka asara, kamfanin inshora na AIG shi kaɗai ya rasa sama da dala biliyan 60 cikin wata uku. Riba ta yi ƙasa sosai, don haka ninkin da aka gina kan shekara ɗaya ya haura 100. Mai kallon wannan lamba zai ce kasuwa ba ta taɓa yin tsada irin ta ranar ba. A daidai lokacin ma'aunin Shiller yana wajen 13, ƙasa da matsakaicinsa na tarihi, yana cewa kaya sun yi araha. Shi ne ya faɗi gaskiya. Haka lambar shekara ɗaya take, tana nuna araha a ƙololuwar riba, tana nuna tsada a ƙasan rami, wato takan ruɗi mutum a lokuta biyun da ya fi buƙatar ta.

Yadda nake yi ba shi da wahala, sai dai yana cin lokaci. Ina tattara rahoton shekara-shekara na kamfani, in fitar da ribar kowane hannun jari ta shekaru goma in jera su. A gefe in rubuta ma'aunin farashin kayayyaki na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na kowace shekara. Sai in ninka ribar kowace shekara da gwargwadon yadda farashi ya hau daga lokacin zuwa yau.

A Amurka wannan gyaran ɗan ƙarami ne, domin daga ƙarshen 2014 zuwa ƙarshen 2024 farashin kayayyaki ya hau da kimanin kashi ɗaya bisa uku. A Najeriya kuwa, cikin waɗannan shekaru goman, ya ninka fiye da sau biyar. A Disambar 2024 kaɗai hauhawar shekara ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Saboda haka a wurinmu gyaran shi ne ƙashin bayan aikin. Duk wanda ya jera ribar 2014 da ta 2024 kafaɗa da kafaɗa kamar kuɗi ɗaya ne, bai fara lissafi ba tukuna.

A ce wani kamfani ya samu naira 2 a kowane hannun jari a 2014, ya samu naira 6 a 2024. A taron shekara shugaban hukumar gudanarwa zai miƙe ya ce riba ta ninka uku, mafi girma a tarihin kamfani, a yi tafi. Bai yi ƙarya ba. Amma naira 2 ta 2014 ta kai naira 10 da rabi a kuɗin 2024. Abin da kamfanin yake samu a zahiri ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Na ga irin wannan a littattafan kamfanonin da sunansu ke cika baki, musamman waɗanda ke sayar wa talaka kaya kuma ba su iya ƙara farashi gwargwadon yadda kuɗin kayan aiki ke hawa. Shekara bayan shekara ana sanar da nasara, kamfani yana ramewa a ciki.

A nan ne na koyi abin da na fi ɗauka da muhimmanci. Wannan kamfanin da ke ramewa, idan ka ɗauki matsakaicinsa na shekaru goma da kuɗin yau, zai fito wajen naira 8, sama da ribarsa ta yanzu. Ka raba farashi da 8 sai ya zama kamar garaɓasa. Alhali kuwa shekarun da suka ɗaga matsakaicin sun wuce, mai yiwuwa ba za su dawo ba. Shiller ya gina ma'auninsa ne a kan kamfanoni ɗari biyar a haɗe, inda idan wannan ya mutu wancan ya taso, riba kuma takan komo kan hanyarta. Kamfani guda ba shi da wannan lamuni. Don haka kafin in kalli matsakaici, jerin nake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Idan lambobin suna hawa suna sauka a kewayen wuri ɗaya, kamar na masu siminti ko sukari ko man ja waɗanda kasuwarsu ke da lokacin cika da na ja baya, matsakaicin yana da ma'ana. Idan kuwa gangara suke yi ba tsayawa, matsakaicin tarihin abin da ya shuɗe ne kawai, kuma mai saye da shi cinikin biri a sama yake yi.

Shekarar 2023 ta sake kawo mana jarrabawa. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700, a 2024 ta kai wajen 1,500. Bankunan da ke riƙe da kadara a dala suka wayi gari da riba ta fitar hankali, ba tare da sun ƙara ko abokin hulɗa ɗaya ba. Babban Banki da kansa, a watan Satumba na shekarar, ya hana su raba wannan riba ga masu hannun jari. A ɗaya gefen, kamfanonin da ake bi bashi a dala suka kwashi kashinsu a hannu. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024, alhali mutane ba su rage kira ko sayen data ba.

A wannan lokaci wani dattijo da muka yi aiki tare ya zo mini da takardar dillalinsa a kan hannun jarin bankuna. Ya ce, "Malam, dubi nan, ninki biyu kacal. Ko a mafarki an taɓa ganin haka?" Na ce, "Baba, mu zauna mu ga shekarun baya tukuna." Da muka jera su muka gyara, wasu bankunan sun ci gaba da nuna araha, wasu kuma arahar tasu ta ragu ƙwarai, domin shekara ɗaya ce ta ɗauki kusan dukan nauyin. Ban ce masa ya saya ko kada ya saya ba. Ya dai tashi ya san wace riba ce ta sana'ar banki, wace ce ta faɗuwar naira wadda ba kowace shekara za ta maimaitu ba. Batun halaccin hannun jarin bankin da ke mu'amala da ruwa magana ce ta malamai, kuma masu kiyaye wannan suna da jerin Lotus na kamfanonin da suka dace da shari'a, wanda aka buɗe a kasuwar tun 2012. Lissafin nan yana aiki a kansu daidai da sauran.

Abu ɗaya da ma'aunin ba ya faɗa shi ne lokaci. A farkon Disambar 1996 Shiller da Campbell suka gabatar wa Babban Bankin Amurka hujjarsu cewa kasuwa ta yi tsada, bayan kwana biyu shugaban bankin, Alan Greenspan, ya yi jawabinsa da ya shahara a kan zumuɗin masu zuba jari. Kasuwa ba ta saurare su ba. Daga nan zuwa Maris na 2000 sai da ta ninka biyu. Wanda ya sayar a 1996 ya zauna shekara uku da 'yan watanni yana kallon maƙwabtansa suna yin arziki. Daga baya ta faɗi da kusan rabi, kuma wanda ya saya a ƙololuwa ya yi shekaru goma bai ga komai ba. Ma'aunin yana ba da labarin abin da za a iya sa rai cikin shekaru goma masu zuwa. Game da wata shida masu zuwa kuwa, ba ya cewa uffan. Akwai ma masana irin su Jeremy Siegel da ke ganin canjin dokokin rubuta asara a Amurka ya sa ma'aunin yana nuna tsada fiye da ƙima, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce.

Haka kuma ba na ɗauko 16 ko 17 ɗin Amurka in auna kamfanin Najeriya da shi. A ƙarshen 2024 Babban Bankinmu ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, takardun bashin gwamnati da sukuk suna biyan abin da ba a jin irinsa a can. Inda gwamnati ke biyan haka, dole hannun jari ya yi araha sosai kafin ya cancanci kasadar da ke cikinsa. Na fi auna kamfani da tarihin kansa, da kuma takwarorinsa masu sana'a iri ɗaya.

Sauran wahalar ta alƙalami ce. A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take gina ma'aunin farashi a kai, daga 2009 zuwa 2024, don haka sai an haɗa tsohon jeri da sabo cikin kula, in ba haka ba lissafi ya karkace. Yawan hannayen jari ma yana canzawa. Duk lokacin da kamfani ya raba bonas, sai an koma an gyara ribar shekarun baya gwargwadon sabon adadi. A 2024 an sake umartar bankuna su ƙara jari, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, suka fitar da sababbin hannayen jari masu yawa, wato masu cin tuwon sun ƙaru, kuma ribar da aka raba wa kowane ɗaya a 2018 ba ta faɗin abin da zai samu yanzu sai sabon jarin ya fara haihuwa.

Wasu manyan kamfanonin kuma ba su daɗe a kasuwa ba. Dangote Cement ya shiga a 2010, yana da tarihin da za a karanta. MTN Najeriya a 2019 ya shiga, BUA Cement a 2020, BUA Foods a 2022. Ga irin waɗannan nakan yi amfani da shekarun da ke akwai, in ƙara da alƙaluman da suka bayyana a takardar shigarsu kasuwa, sannan in rage farashin da zan yarda in biya gwargwadon shekarun da ban gani ba.