Roba ko mai tauri? Darasin da bashen Baba ta koya mini

 Yau zancen mota na zo da shi, kuma kuɗina da raina sun taɓu a cikinsa.

Muna da wata tsohuwar Peugeot 504 bashe da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙan shi. Ita ce abincin gidanmu. Buhunan hatsi da wake, awaki, fasinja, duk ta ɗauka, daga Filinge zuwa Tukunus, Bonkuku, Baleyara, wani lokaci har Yamai, wajen kilomita 180. Irin motar ba ta wasa ba ce: a 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, an kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna. Amma komai ƙarfin mota, shekaru ba su barin ta.

Bara bayan damina ta fara ƙara daga ƙasa, kwas-kwas, tana kuma jan gefe in na taka birki. Tsohon makanikin da ya riƙe ta tun zamanin Baba ya leƙa ya ce silanbulok sun mutu. Ga wanda bai sani ba, wasu 'yan robobi ne da ke zaune a mahaɗar ƙarafan ƙafar mota da gangar jikinta, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Zafi da man da ke ɗiga a kansu su ke tsattsaga su.

Na gaya wa ƙanena da ke Yamai. Sai ya aiko mini wasu jajaye masu tauri, wai poliyuretan. Wani Bajamushe, Otto Bayer, ya ƙirƙiro sinadarin a 1937, kuma masu motocin tsere a Turai suna son shi. Mai ba ya cin shi, ya fi roba daɗewa, mota kuma ba ta lilo a kwana. Na ce shi ke nan, na huta.

Tsoho ya juya su a hannu, ya danna da farce, ya ce: "Ɗana, wanga abu na masu gudron ne. Mi za ya sha maka duka in ka sauka cikin gargada?"

Na ce: "Baba, zamani ya canza, a sa kawai." Ya sa, bai ƙara magana ba.

Satin farko na ji daɗi. A kan gudron sitiyari ya tsaya cak, kamar sabuwa. Da na fara shiga ƙauyuka sai labari ya sauya. Kowane rami a ƙugu nake jin shi. Fasinja suka fara cewa motarmu ta zama amalanke. Sannan kuka ya taso, ƙii-ƙii, har mutane na juyowa.

Daga baya na gane dalili. Roba manne take da bututun ƙarfen da ke cikinta, murɗawa take ta dawo, ba ta buƙatar giris. Shi mai taurin zamewa yake a kan ƙarfe, dole sai da giris. To a ƙasarmu, giris in ya haɗu da rairayin dallol da ƙurar hunturu, ya zama abin wasa wuƙa. Kuma dukan da roba ke shanyewa, shi miƙa wa gangar mota yake.

Wata ranar kasuwa, ina ɗauke da kaya da mutane, na ji baya ya karkace. Na tsaya. Wurin da lam ɗin baya ke rataye ya tsage. Allah ya sa a hankali nake tafiya. Kwana biyar motar na wajen mai walda, gida babu shiga, ga kuɗin gyara.

Tsoho bai yi mini gori ba. Cewa kawai ya yi: "A mota dole wani abu ya mutu. Gara roba ta mutu da ƙarfe ya mutu. Roba ana saye, gangar wagga mota ina za ka same ta?"

Yanzu mun maida roba a lam da hannuwan gaba. Jajayen mun bar su a sandar da ke hana mota lilo kawai, inda ba su ɗaukar duka sosai.

Ga masu tsofaffin motoci irina: ku duba robar kafin ku biya, in ta bushe tana da tsaga-tsaga, ta tsufa a kanti. Ku tsai da yoyon mai, shi ke kashe ta da wuri. Kada a ɗaure kusoshin sosai mota na kan jak, sai ta sauka bisa tayoyinta. Wadda ake yankawa daga tsohuwar taya kuwa ta kai ka gida ce kawai.

Mai gudron ya sa mai tauri, ba laifi. Ni dai hanyata gargada ce. Allah ya kai mu gida lafiya.