Ɗalibi a bakin iyakar gona

Daga kaka zuwa tsakiyar rani, in ka bi hanyar Minjibir ko ta Gezawa, ko ka miƙa Dambatta, wata rana za ka hangi wani matashi tsaye a gonar da aka riga aka kwashe amfaninta. Takalminsa ba na noma ba ne. Hannu ɗaya yana riƙe da waya yana kwafe lambobin da ke nuna daidai inda yake tsaye, ɗaya hannun kuma leda ce da ya ɗebi ƙasa ya zuba, ya manna mata takarda. Kusa da shi akwai yaron gidan mai unguwa da aka haɗa su tare, domin a wannan yanki duk baƙon da aka gani yana awo a gona, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne an zo yanka filoti. Ɗalibin labarin ƙasa ne mai neman digiri na biyu ko na uku, galibi daga Jami'ar Bayero.

Tambayarsa ta farko ita ce takan ba shi wuya. "Baba, gonar nan hekta nawa ce?" Dattijo zai dube shi ya ce, "Malam, in damina ta yi kyau takan ba da dami kaza na gero, ban da wake." In an matsa, sai ya faɗi mangala nawa ta taki take ci, da kwana nawa shi da 'ya'yansa suke yi kafin su gama noman fari. Babu gurbin wannan amsa a takardar tambayoyin da ɗalibi ya buga tun daga birni, amma ta fi hekta bayani, don ta haɗa girman gonar da ƙarfinta da yawan hannun da ke aikinta.

Abin da na fi so ɗalibin nan ya tsaya ya duba shi ne iyakar da yake tsallakewa. Siririn layi ne na gamba, wani wuri lalle, wani wuri aguwa ko bini-da-zugu. Gambar ba a banza aka bar ta ba, da ita ake zana, lallen kuma mata ke tsinka su kai kasuwa. In ka ga gonaki uku ko huɗu dogaye sirara sun jeru kafaɗa da kafaɗa, gado aka raba, kuma aka yanka ta tsawo don kowa ya sami rabonsa na jigawa da na gangare. Ɗorawar da ke tsakiya tana iya zama ta wani dabam, ba ta mai gonar ba. Gawon nan an bar shi ne don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Harawar da aka ɗora a kan rassa ita ce za ta riƙe awaki har ruwa ya sauka, awakin kuma su ne za su ba da takin da zai komo wannan gona. Mutum zai iya cika babi guda na kundinsa bai bar inuwar bishiya ɗaya ba.

Wannan ƙasa ta daɗe tana jan hankalin masu bincike. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yaba albarkar karkarar da ke kewaye da birnin. A 1965 Michael Mortimore, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokin aikinsa J. Wilson suka fitar da nazari a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki mai cunkoso. Ra'ayin da ya yi ƙarfi a wancan zamani shi ne, in mutane suka yi yawa ƙasa mutuwa take yi. Sai ga wuri inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, tun kaka da kakanni, kuma tana ba da abinci. A lokacin jakuna na shiga birni da itace, suna fitowa da taki da toka. Mortimore ya koma Jami'ar Bayero a 1979, kuma shi da abokan aikinsa, ciki har da J. A. Falola da Reginald Cline-Cole, suka bi diddigin itacen girki na Kano, suka tarar manoman kusa da birni ba su ƙarar da bishiyoyin gonakinsu ba, renon su suke yi. A shekarun 1990 shi da William Adams na Jami'ar Cambridge suka yi aiki a ƙauyen Tumbau, suna bin aikin gona daki-daki, damina bayan damina.

Abin da ya ba waɗannan ayyuka nauyi shi ne zama. An koma wuri ɗaya shekara da shekaru, har mutane suka daina ganin baƙo. Ɗalibin yau ba shi da wannan sarari, kuma ba na ganin laifinsa. Sau da yawa malamin sakandare ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, mai iyali, da albashinsa yake biyan kuɗin makaranta da na mota da na gwajin kowace ledar ƙasa a ɗakin gwaje-gwaje. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kuwa, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, kyauta ake sauke su daga intanet. Saboda haka sai kundi bayan kundi ya fito da taswira mai launi uku, gona da gini da fili, a ce gini ya ƙaru, gona ta ragu. Gaskiya ne, duk wanda ya san Ungogo shekara ashirin baya ya ga haka da idonsa, kamar yadda Dorayi, inda Polly Hill ta yi nazarin manoma a farkon shekarun 1970, ta zama unguwa a cikin birni. Amma hoton sama ba zai gaya maka gonar nan jingina ce ko aro ba, ba zai nuna maka waken da aka yi wa gicci a tsakanin gero ba, ballantana ya faɗi abin da wanda ya sayar da gadonsa ya yi da kuɗin.

Ga kuma baƙar leda da ta maƙale a kunya bayan kunya. Sharar birni da a da toka ce da kashin dabbobi, yanzu tifa ke juye ta a gona haɗe da roba da fasassun kwalabe, manomi ya tsince abin da zai iya, sauran ya bi garma. Ina son in ga wanda zai ba wannan matsala shekara uku na rayuwarsa, sannan in ya gama ya rubuta abin da ya gano a shafi biyu da Hausa ya kai ƙofar gidan dagaci, tunda da ƙasar mutanen ya sami digirin.

Akwai wani rabin labarin da ɗalibi namiji ba ya kaiwa gare shi, don iyakarsa zaure. Yawancin awaki da tumakin da ake ɗaurewa a turke duk damina na mata ne. Su da yara ke ba su ciyawa da dusa, su ne suka san wace aka sayar don kayan ɗakin yarinya, wace aka ba wata riƙo. Takin da maigida ke alfahari da shi a gona daga wannan turke ya fito. Ɗaliba mace, musamman wadda ta tashi a Bichi ko Makoɗa ko Gabasawa, za ta yi sallama ta shige har tsakar gida, a shimfiɗa mata tabarma, ta ƙirga dabbobin da idonta, ta tambayi mai su da bakinta. Sassan labarin ƙasa na jami'o'inmu suna da irin waɗannan ɗalibai, kuma wannan aiki ne da ya kamata malamansu su riƙa tura su gare shi.