Ɗigon Ruwa A Ƙarƙashin A-kori-kura

Duk wanda ya san Potiskum ya san garin mota ne. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano, ta bi ta Azare, ta nufi Damaturu da Maiduguri, ga kuma kasuwar shanu ta ranar Laraba, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe cikin 1991 mutanen garin suka yi suna wajen sufuri. Tireloli ke kwasar shanu zuwa Kudu, amma a-kori-kura ke kutsawa ƙauyuka ta ɗauko tumaki da awaki da buhunan gero.

Cikin masu wannan sana'a akwai wani saurayi mai jan a-kori-kura mai injin dizal. Motar ba tasa ba ce, balas yake kai wa maigidansa kowane mako, abin da ya yi saura shi ne cefanen gidansu. Da bazara ta shigo, sai ya lura duk safiya akwai danshi a ƙasa daidai gaban inji. Bai faɗa wa kowa ba, don gudun kada a ajiye motar ya rasa Laraba. Ya nemi jarka, ya riƙa ƙara wa lagireto ruwan rijiya duk inda ya tsaya. Da ƙara ta fara fitowa kamar ana niƙa tsakuwa, dole ya nufi gareji.

Tsohon bakanike ya kashe injin, ya kama fanka ya girgiza, ya ji tana lilo. Ya ce, "Ɗana, tun yaushe take ɗiga?"

Ya ce, "Baba, ba a daɗe ba."

Tsohon ya nuna masa tsatsar da ta bushe a gindin famfon ruwa, ya yi shiru.

Famfon nan shi ne ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto. Fanbel ke juya shi, a cikinsa akwai farfela, da boris, da robar da ke tare ruwa. Maƙeransa sun bar ɗan rami a ƙasansa da gangan, domin in robar ta gaji, ruwa ya ɗigo ta nan ya yi gargaɗi. Ruwan rijiya kuwa tsatsa da gansakuka yake tarawa, ya ƙara cinye robar. In famfon ya tsaya a hanya, cikin zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, ruwa zai tafasa, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. A nan gyara ya tashi daga na yini guda ya koma na sauke inji.

Saurayin ya nemi a sa na hannu, mai sauƙin kuɗi. Tsohon ya ƙi, ya ce araha ba ta ado, ya sa shi ya kira maigidansa ya faɗi gaskiya. Maigidan ya yi faɗa, sa'an nan ya aiko da kuɗin sabo.

Aka bari inji ya huce, aka zubar da ruwa, aka sassauta fanbel, aka cire fanka, aka kwance famfon. Yaran gareji suka kankare tsohon gasket tas, aka ɗora sabo, aka ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan gefe da wancan, don kada ya zauna a karkace. Aka wanke lagireto, aka zuba ruwa mai tsabta da maganin tsatsa, aka tayar da inji murfi a buɗe har iska ta fita.

Laraba ɗaya ta wuce shi, balas ɗin makon kuma aka yafe. Direbobi 'yan'uwa, in mota ta fara ɗiga, a duƙa a duba daga ina, kafin a miƙa hannu ga jarka.