Wai sauyin yanayi damfara ce?

Tun da Donald Trump ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumbar 2025 ya kira batun sauyin yanayi damfara, na ga wasu 'yan uwa a nan sun samu abin kafa hujja. Wai ai dama mun faɗa, Turawa ne suka ƙirƙiro zancen don su hana mu haƙo man Kolmani, alhali su sun gama ƙona nasu sun yi arziki. Rabin maganar nan gaskiya ce fa. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma akwai rainin hankali a ce wanda ya ƙoshi ne zai zo yana koya wa mai yunwa azumi. Amma wa ya kamata ya biya kuɗin ɓarnar daban, ko duniyar tana ɗumama daban. Ta biyun ma'auni ke amsa ta.

Ni ban ga laifin mai shakka ba. Mutumin Kano da ya tuna gwajin maganin Trovan na 1996 yana da dalilin ɗaga gira idan aka ce masa "masana sun ce". Abin tambaya shi ne, idan ka yi shakka, sai kuma me?

Ga abin da wani mai shakka ya yi. Richard Muller, farfesan fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, bai yarda da alƙaluman ɗumamar duniya ba. Zarginsa kuma mai ma'ana ne: tashoshin auna zafi da yawa birni ya cim musu, kwalta da siminti sun kewaye su, to ta yaya za a san ba zafin gari suke aunawa ba? Kowa ya san cikin Sabon Gari ya fi bayan gari zafi da dare. Sai ya haɗa tawagarsa, ya nemo kuɗi, wani ɓangare ma daga gidauniyar Charles Koch, attajirin da aka sani da tallafa wa masu musun sauyin yanayi. Suka tattara bayanan tashoshi sama da 39,000, suka ware na karkara daban, suka sake lissafi tun daga tushe. Me ya fito? Kusan daidai da abin da waɗanda yake zargi suka samu. A 2012 ya rubuta a jaridar New York Times cewa ya sauya ra'ayi, ɗumamar gaskiya ce, kuma kusan dukkanta aikin ɗan Adam ne. Wallahi wannan ya fi gamsar da ni a kan taron ƙoli goma.

Sannan kamfanin mai na Exxon. Tun 1977 masanansa na cikin gida suka fara faɗa wa shugabanninsu cewa ƙona mai zai ɗumama duniya. A 2023 mujallar Science ta buga nazarin da ya kwatanta hasashen nasu da abin da ya faru, aka ga sun dace sosai: ƙarin kusan digiri 0.2 duk shekara goma. A fili kuwa kamfanin ya yi shekaru yana cewa ba a tabbatar ba. Idan makirci kuke nema, jama'a, ga shi nan da takardunsa.

Zancen ma ya girmi siyasar yau. Svante Arrhenius, ɗan Sweden, ya yi lissafinsa tun 1896. Da Charles Keeling ya fara auna iskar kabon a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, tana wajen kashi 315 cikin miliyan. Yanzu ta haura 420. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma.

Masanan suna kuskure? Sosai ma. Rahoton kwamitin IPCC na 2007 ya ce ƙanƙarar tsaunukan Himalaya na iya ƙarewa nan da 2035, kuma maganar ba ta da tushe. Masana ƙanƙara ne da kansu suka tona, kwamitin ya amsa laifinsa a 2010. Har yau masu musu suna yawo da wannan, ba sa dai faɗin wanda ya gano shi.

Abin da ya fi ci min rai kuma a gida yake. Kalmar "sauyin yanayi" ta zama bargon da jami'ai ke lulluɓa da shi. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, nan da nan aka ɗora wa yanayi. E, an yi ruwa mai yawa, kuma iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, don haka mamakon ruwa zai riƙa ƙaruwa. Amma wannan madatsar ta taɓa jawo ambaliya a 1994. Shekara talatin kenan ana da labari. Wanda ya yarda ruwa zai ƙaru ai shi ya fi cancanta a tambaye shi me ya sa bai gyara ba. Irin wannan fakewar ce ke sa talaka ya ɗauka duk zancen ƙarya ne, sai ya gina gida a bakin kwari, ya ƙi sauraron hasashen damina na NiMet, ya yi shuka da ruwan farko ta ƙone.

Wanda yake da alƙaluman da suka saɓa wa waɗannan, don Allah ya kawo mana: wace tasha, wace shekara, wa ya auna. Zan karanta tsaf. Bidiyon mutumin nan mai ihu a TikTok kam kada a sake turo min, sau huɗu ke nan.