"Come back": wa ke cewa, kuma daga ina?

Mu da muka yi karatun allo da na Islamiyya a Gololo, a kasuwa muka tsinci Turancinmu. Cikin abin da muka fara tsinta a nan Sabon Ibadan akwai kalmomi biyu, "come back". Fassararsu ba wuya: dawo. Sai da muka daɗe muka gane ma'anar tana sauyawa gwargwadon bakin da suka fito.

Idan ma'aikaci a ofis ya ce maka "come back tomorrow", wato ka dawo gobe, to ka shirya, goben nan tana iya kai wata guda. Idan mai saye ya taya kaya ya ce da buroka "I go come back", sau da yawa sallama ce cikin ladabi, kada ka ajiye masa kaya. Amma idan mahauci ya karɓi sa bashi a gaban dillali ya faɗi haka, wannan alkawari ne, kuma a kansa cinikin shanu ya tsaya a garin nan tun kafa Sabo a 1916. Shi ya sa muke yawan tuna wa jama'a bayan salla cewa alkawari kaya ne, ko da wane harshe aka ɗauke shi.

'Ya'yanmu 'yan boko sun ƙara mana wasu ma'anoni. Wanda ya manta suna sai ya ce zai "come back" masa, wato zai faɗo masa a rai. Tsohon ɗinki in ya sake shiga yayi, shi ma haka ake cewa. Masu kallon ƙwallo kuwa har yau suna ba da labarin 2005, da AC Milan ta ci Liverpool uku ba ko ɗaya kafin hutu, Liverpool ta farke duka ta ɗauki kofi. Wannan farfaɗowa ma sunanta ke nan.

Amma akwai inda abin ya fi taɓa mu. Bature yana da "come back" da "go back", kamar yadda muke da dawowa da komawa. Ba a cewa mutum ya dawo sai inda mai magana yake, ko inda ya ɗauka gida. 'Yan'uwa a Gololo in sun bugo waya, tambayarsu ɗaya: "Yaushe za ku dawo?" Mu kuma mu ce bayan kaka, in Allah ya yarda. Yaranmu da aka haifa a nan, in za mu tafi da su, cewa suke za su "go" ƙauye, ranar juyowa Ibadan ita ce "come back".

Ba laifinsu ba ne, a nan aka yanke musu cibi. Sai dai gonakin gado suna can, kaburburan iyaye suna can, kuma yaron da dangi ba su san fuskarsa ba, da wuya ya tsaya kan haƙƙinsa ranar rabo. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Saboda haka, jama'a, babbar salla mai zuwa a ƙara kuɗin kujera ɗaya ko biyu. A sauka Azare da yaro, a kama motar Gamawa, a nuna masa iyakar gona da ƙofar gidan baffa, a bar shi ya kwana biyu har ya yi abokai. In ya saba, wata rana da kansa zai ce zai koma gida, su kuma can su ce ya dawo. Allah ya sa mu gani.