Baƙo a Gidan Kakanninsa

A Kamarawa, cikin ƙaramar hukumar Isa, na tarar da yara suna rera waƙa a inuwar darbejiya. Ɗaya kaɗai ya ja gefe, bai buɗe baki ba. Malaminsu ya ce yaron ya dawo ne daga Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, inda iyayensa suka tsere wa 'yan bindiga a 2019. A can ana kiransa ɗan gudun hijira, a nan kuma ɗan Nijar.

Da yaron ya san tarihin Gobir, da bai sunkuyar da kai ba. Kakanninsa sun taso daga Azbin, suka zauna Birnin Lalle, suka kafa Alƙalawa. Bayan faɗuwarta a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni. Ƙasa ɗaya ce Turawa suka raba da iyaka.

A Amurka, Thanhha Lai ta rubuta wa yara labarin wata yarinya da ta bar Saigon zuwa Alabama, cikin waƙe, a 2011. Mu da Nana Asma'u ta karantar da iyayenmu mata da waƙa, ina namu littafin? Marubutanmu su taimaka wa yaran gabashin Sakkwato da irinsa, domin wanda ya ji labarinsa a bakin 'yan uwansa zai samu ƙarfin shiga sahu.