Iska ba ta sallama

Ɗan'uwa mai karatu, bari in ba ka labarin abin da ya same ni.

Wata bazara, a gonarmu kusa da Tanut, na tara sassabe zan ƙona. Iska tana busowa a hankali daga yamma. Na ce madalla, wuta za ta yi gabas, can babu gidan kowa. Na kunna, ban ɗaga kai na dubi sama ba. Ashe hadari ya taso daga gabas, ja wur da ƙura. Nan da nan iska ta juya. Wuta ta kama dangar maƙwabcina, ta cinye rumbunsa da hatsi dami 20. Shekara biyu ina biya.

A nan Damargu, da ɗari iska daga arewa maso gabas take zuwa. Wajen watan Yuni sai ta koma kudu maso yamma. Amma hadari yawanci daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa tana riga ruwa isowa.

A Faransa akwai masu tashi sama da lema daga kan dutse. Kafin su tashi, suna kafa sanda da ƙyalle, su zuba masa ido. In ƙyallen yana juye-juye, sai su naɗe lema su jira.

Kai ma yi haka. Kafa ƙyallenka, dubi gabas, share ciyawa kewaye da rumbu. In ka ga ja, mayar da ashana aljihu. Gobe ma rana ce.